Ƙotar wuƙar aljihun mahaifina ta tsattsage, ta yaya zan sa mata sabuwa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Cikin kayan da mahaifinmu ya bari akwai 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa, wadda tun muna yara muke ganin yana fiƙe alƙalami da ita. Wuƙaƙe biyu ne a cikinta, babba da ƙarama, duka ta gefe ɗaya suke buɗewa. A gindin babbar an buga JOSEPH RODGERS & SONS, SHEFFIELD, ENGLAND, ga kuma alamar tauraro da wani abu kamar gicciye. Ƙotar ruwan madara ce mai siraran layuka kamar hauren giwa, amma yanzu ta motse, ta tsattsage, wani gefen ma ya ɓalle. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ko na goge tsatsa na shafa mai, kafin wata guda ta sake fitowa. Ina so in sa mata sabuwar ƙota da hannuna, ta itace ko ta ƙaho, wadda ba irin ta kowa ba. Sana'ata gyaran keken ɗinki, don haka guduma da magagari ba baƙina ba ne. Ta ina zan fara?

Daga wani mai karatu a Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, tashi ka fitar da wuƙar daga inda take. In cikin akwati ko durowa ka ajiye ta tare da almakashi, agogo, makullai ko wasu wuƙaƙe, raba su yau, ka buɗe ta ka ajiye ta inda iska ke shiga. Yadda ka kwatanta ƙotar nan, da wuya a ce hauren giwa ne. Alamomin duk na wata tsohuwar roba ce da ake kira seluloid, wadda aka fara sarrafawa sosai a Amurka wajejen 1870. Da auduga da aka jiƙa da asid ake yin ta, a haɗa da kafur, kuma masu wuƙa sun daɗe suna yi mata layuka don ta yi kama da haure. In ta tsufa, musamman a ƙasa mai zafi irin tamu, sai ta fara ruɓewa daga ciki: ta motse, ta ja baya daga ƙarfen da ke gefenta, ta tsage, tana kuma fitar da tururin asid da ido ba ya gani. Wannan tururin ne yake cin ƙarfen, shi ya sa mai bai yi maka magani ba. Duba da kyau, za ka ga tsatsar ta fi yawa a gadon bayan wuƙar, wato sashen da ke leƙowa waje in an naɗe ta, ƙusoshin tagullar kuma sun yi kore ko baƙi. In kana son tabbaci, goga ƙotar da ƙarfi a jikin riga har ta yi ɗumi, ka sansana. Sau da yawa ƙanshin kafur zai bugi hancinka.

Da ƙotar ta ƙashi ce ko ta ƙahon barewa mai 'yar tsaga ɗaya, da na ce ka bar ta yadda take, domin masu tara tsofaffin wuƙaƙe sun fi daraja wadda ba a taɓa ba, kuma gidan Rodgers ba ƙaramin gida ba ne. Tauraro da gicciyen da ka gani tambarinsu ne tun 1764 a birnin Shefild na Ingila. Kalmar ENGLAND kuwa tana nuna cewa ba a ƙera ta kafin wajejen 1891 ba, don daga lokacin ne dokar kwastan ta Amurka ta tilasta a riƙa buga sunan ƙasa a jikin kayan da ake shigarwa. Amma seluloid da ya fara ruɓewa ba shi da magani. Cire shi ceton wuƙar ne, don haka niyyarka ta yi daidai.

Gargaɗi ɗaya kan wannan roba: tana kama wuta kamar fetur. Kada ka kusance ta da ashana, kada ka ɗora ta a injin wasa ƙarfe mai tartsatsi, kada ka ce za ka gasa ta don ta yi laushi. A sanyi ake ɓamɓare ta, gutsattsarin kuma a jiƙa su da ruwa a fitar da su daga gida.

Yanzu ka fahimci abin da ke hannunka, don mutane da yawa suna ɗauka ƙota kawai za su canza, sai su wayi gari sun kashe wuƙar. Daga waje zuwa ciki, akwai fuskokin ƙota biyu, a ƙarƙashin kowacce akwai siririn fallen tagulla, a kan fallen kuma ta wajen wuya an like wani ƙarfe mai kauri mai launin azurfa. Ba azurfa ba ce, haɗin jan ƙarfe ne da nikel da zinki. Mu kira shi ƙarfen wuya. A gadon baya akwai sifirin, wato dogon ƙarfen da ke lanƙwasawa ya dawo, kuma tunda wuƙaƙenka biyu ta gefe ɗaya suke buɗewa, sifirin biyu ne, da wani falle a tsakaninsu. Ƙusoshi uku ne suka ratsa komai daga wannan gefe zuwa wancan: ta wuya, wadda ruwan wuƙar ke juyawa a kanta, ta tsakiya, wadda ta danne sifirin, da ta ƙarshen gindi. Sauran ƙananan ƙusoshin da kake gani fuskar ƙota kawai suka riƙe wa falle. Irin wannan wuƙa ba ta da makulli. Ƙarfin sifirin ne kaɗai yake riƙe ta a buɗe, shi yake riƙe ta a rufe, shi yake ba ta wannan "ƙas" ɗin da kake ji in ta koma gida. Ƙusoshin nan uku kuwa su ke riƙe da sifirin. Aikinka na gaskiya a kansu yake, sassaƙar ƙota ta fi shi sauƙi.

Don haka gwada ta tukuna. Nannaɗe kaifin da salatif mai kauri, ka ɗiga kananzir a wuyan, ka buɗe ka rufe sau da yawa har dattin ya fita. Tana "ƙas" a buɗewa da rufewa? In ka buɗe ta ka girgiza tsinin hagu da dama, tana rawa? In sifirin yana da rai, ruwan kuma ba ya rawa, to shawarata kada ka wargaza ta gaba ɗaya. Ka ɓamɓare tsohuwar ƙotar da siririyar kurfi, ka bar manyan ƙusoshin a tsaye inda suke, ka goge kawunansu da magagari kaɗan har faɗin da aka yi musu ya tafi, ka huda sabuwar fuska daidai inda suke, ka zura ta a kansu da gam. Wannan hanya ta fi aminci ga wanda bai taɓa yi ba, kuma ba ta taɓa saitin da maƙeran Shefild suka yi wa wuƙar.

Sai dai ina zargin taka ba za ta tsira da wannan ba. Asid ɗin seluloid yakan shiga har tsakanin sifirin da falle, kuma tsatsar da ke can ba ta fita sai an buɗe. In ka leƙa da tocila ka ga ja a can ciki, ko sifirin ya yi nauyi yana ƙugi, sai wargazawa.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hotonta da waya ta kowane gefe, a buɗe da a rufe. Bayan ka cire ƙotar, yanke kawunan ƙusar tsakiya da ta gindi, ka tura su waje da siririn ƙarfe. Tsohuwar allurar keke mai kauri da aka guntule tana yin wannan aikin. Ta wuya ce mai wahala, domin an goge ta ta saje da ƙarfen wuya har ba a ganinta. Hura mata numfashi ko ka shafa samfefa mai laushi, za ka ga da'irarta ta bayyana. Wasu sukan sa wata tsohuwar siririyar wuƙa tsakanin ruwa da falle su buga har ta datse ƙusar. Yana yi, amma yakan lanƙwasa falle. Na fi son a buga ɗigo a tsakiyar ƙusar daidai, a huda da bakin huji da bai kai ta kauri ba, a shiga kamar milimita biyu, sannan a tura. In hujin ya kauce ya ci ƙarfen wuya, tabon zai zauna har abada, don haka nan ba wurin sauri ba ne. Kowane yanki ya fito, jera shi a kan takarda yadda ya fito, ka rubuta na hagu da na dama. Sifirin biyun kamar tagwaye suke a ido, amma kowanne ya saba da ruwan wuƙarsa.

Wajen wanke tsatsa, kananzir da samfefa mai laushi, lamba 400 zuwa 600, sun isa. Shimfiɗa samfefar a kan gilashi ka goga gefen sifirin da fallayen a kwance, don kada su rasa miƙewarsu. Wurare biyu ne ba a rage musu ƙarfe: gindin ruwan wuƙar inda yake gogar sifirin, da kan sifirin inda gindin yake zama. Abin da ka ci a nan, ko kaurin gashi ne, daga ƙarfin "ƙas" ɗin ka cire shi, kuma ba ya dawowa. Rubutun gindin ma a bi shi a hankali. Ramukan da tsatsa ta haƙa kuwa ka haƙura da su. Garin neman gira kada a rasa ido. Kuma ka nisanci injin wasa ƙarfe. Ƙarfen wuƙa yana fara canza launi zuwa rawaya-rawaya tun daga zafin digiri 220 na ma'aunin Salsiyas ko kusa da haka, ya koma shuɗi wajen digiri 300, kuma siririn baki yakan kai wannan zafi cikin ƙiftawar ido. Da ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba.

Sai zaɓen abin da za a yi ƙotar da shi, kuma a nan mu ba mu da talauci ko kaɗan. Cikin itatuwanmu, ƙirya ce ta farko a wurina. Wanda ya san taɓarya da gawayin maƙera ya san taurinta. Zuciyarta ja ce mai duhu, ba ta jin gara, tana kuma ɗaukar sheƙi ko ba a shafa mata komai ba. Madobiya ta fi ta kyawun zane, amma an sare ta fiye da kima ana fitarwa ƙasashen waje har aka sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya, don haka in za ka yi da ita, nemi guntun tsohon kaya wurin kafinta. Zuciyar tsamiya da ta kanya ma suna yi. Maɗaci yana da sauƙin aiki amma bai kai su ƙarfi ba a siriri. Ko wanne ka zaɓa, sharaɗin ɗaya ne: ya bushe ƙarau. Itacen da aka sare bara bai isa ba. Fuskar ƙota ba ta wuce kaurin milimita uku ko huɗu ba, in da sauran danshi a cikinta, hunturu ɗaya zai motsar da ita, ka ga ƙusoshi sun yi tsini, gefen falle yana yankar hannu. Shi ya sa nake cewa a nemi tsohuwar taɓarya da ta karye ko ƙotar gatari da ta shekara goma tana aiki. Ka tsaga ta bin tsawon jijiyar itacen. In da hali ma, ka yi aikin da rani: itacen da aka ɗaura yana bushe, in damina ta zo kumbura kaɗan zai yi ya ƙara kamawa.

Ƙaho yana da kyau ƙwarai, musamman na farin sa mai ratsin baƙi, amma yana da taurin kai. Sai an dafa shi ya yi laushi, a matse shi tsakanin ƙarafa biyu masu faɗi har ya huce, kuma ko bayan haka yakan yi ƙoƙarin komawa lanƙwasarsa ta asali. In ka nace a kansa, yanko daga kusa da tsini inda yake da kauri, ka miƙar da shi, ka ajiye shi makonni ka ga ko zai motsa kafin ka ɗora. Ban cika ba mai farawa shawarar ƙaho ba.

Ƙashi kuwa shi ne zai fi kusa da kamannin da ka saba gani a hannun Baba. Ƙashin ƙwaurin sa ko na raƙumi ake nema, na raƙumi ya fi kauri da fari. Ka samo ɗanye wurin mahauta, ba wanda aka gasa ba. Yanke kawunan, fitar da ɓargon, dafa shi a hankali da ɗan omo, kana canza ruwa har maiƙo ya daina tasowa, sannan ya bushe a inuwa. Kada ka sa shi a bilic, yana sa ƙashi ya riƙa gari daga baya. In maiƙo ya rage a ciki, zai fito ya yi tabon rawaya, gam kuma ba zai kama ba. In kana son ya yi launin tsufa, jiƙa shi cikin baƙin shayi mai kauri, amma gwada da guntu tukuna. Duk lokacin da kake goge ƙashi ko ƙaho, rufe hanci da baki, ƙurarsu ba ta da kyau ga huhu. Hauren giwa kuwa kada ma ka saurari mai tallarsa. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989.

Wajen ɗorawa, fara da cikin fuskar, wato gefen da zai kwanta a kan falle. Goga shi a kan samfefa bisa gilashi har ya kwanta ba tare da haske yana ratsawa ba. Daga nan sai bakin da zai haɗu da ƙarfen wuya. Wannan haɗin shi ne inda ake gane gwani: goga kaɗan, gwada, ɗaga sama ka duba haske, sake gogawa. Sauran gefunan ka bar su da rara, daga baya za a rage. Kankare fallen da samfefa mai kaushi, goge shi da sifirit, ka shafa gam mai haɗi biyu irin Araldite, wanda yake daɗewa bai bushe ba, ba na minti biyar ba. Matse shi daidai wa daida, ka bar shi kwana guda. In ya kama, sai ka huda ta cikin ramukan fallen, kowane gefe daban, da katako a ƙarƙashi don kada bakin huji ya ɓalle fuskar wajen fita. Fallen shi ne jagoranka, ba awo da ido ba.

Sababbin ƙusoshi kuwa, je wurin masu walda ka sayi sandar tagulla. Akwai ta milimita 1.6, da 2.4, da 3.2. Auna ramukan ka zaɓi wadda ta fi kusa. In ta yi kauri kaɗan, ɗaura ta a injin huji kana juyawa kana riƙe da samfefa har ta shiga da ɗan tauri. Ƙusar wuya dai ba a yarda ta yi sako-sako ba. Tagulla za ta fito rawaya a tsakiyar farin ƙarfen wuya; ni ina ganin kyanta, amma in kana son ta ɓace, sai ka nemi waya irin ƙarfen wuyan.

Haɗawa ita ce inda za ka yi gumi. Sa ƙusar gindi da ta wuya tukuna, komai a jere, wuƙaƙen a buɗe kuma a nannaɗe. Za ka ga ramin tsakiyar sifirin bai yi daidai da na falle ba, sifirin ya ɗan turo waje. Ba kuskure ba ne, wannan bambancin shi ne ƙarfinsa. Sa wuƙar a bais, wato ƙarfen da ake matse abu a bakinsa, da fata a kowane gefe, ka matsa gadon bayan a hankali har ramukan su haɗu, ka zura ƙusar da ka fiƙe wa baki. Kafin ka daddale ko ɗaya, buɗe ka rufe, ka tabbata tsinin yana shigewa cikin ƙota, kaifin kuma ba ya dukan sifirin.

Yanke kowace ƙusa ka bar mata rarar da ba ta wuce rabin kaurinta ba a kowane gefe, ka ɗan buɗa bakin ramin don kan ƙusar ya sami wurin zama. Kafin ka bugi ta wuya, tsaga reza ka zura guntu tsakanin gindin kowane ruwa da falle. Kaurin reza kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, kuma shi ne sararin da wuƙar ke bukata don ta juya. In ba ka sa ba, za ka daddale ta ta ƙi motsi. Ɗora ɗaya kan a bisa ƙarfe mai santsi, ka riƙa bugu da ƙaramar guduma mai zagayayyen kai, bugu marar nauyi, kana zagaya gefen ƙusar, kana juya wuƙar. Bayan kowane bugu goma, gwada. Ƙusoshin da suka ratsa ƙota kuwa sun fi son lallashi. Na taɓa yin kwana uku a kan ƙashin raƙumi, saura ƙusa ɗaya, na ƙara bugu ɗaya da bai kamata ba, tsaga ta tashi daga ramin har gefe. Ƙusar da aka buga da ƙarfi a ciki take kumbura, ba a kai kawai ba, sai ta fasa abin da ke kewaye da ita. Tunda akwai gam, aikin ƙusa a nan riƙo ne kawai. Da kan ya cika bakin ramin, ajiye guduma.

Daga nan sai ragewa da gogewa. Rufe ƙarfen wuya da salatif, ka rage rarar da magagari har ta zo daidai da falle, ka zagaye gefuna yadda za ta kwanta a tafin hannu. Kada ka manta da gurbin farce: in sabuwar ƙotar ta yi tudu ta rufe shi, sai ka ɗan fafe wurin. Bi da samfefa daga 220 har 1000 ko sama. Itace mai tauri kakin zuma ya ishe shi, a shafa a murza da tsumma har ya yi ɗumi. Fenti mai ƙyalli ɓarewa yake a aljihu.

Kan ado, tunda kana son ta fita daban, abin da na fi so shi ne siririn fallen jan ƙarfe a tsakanin ƙota da tagulla, ko a tsakanin ƙota da ƙarfen wuya, ya fito kamar zare ja. Wanda ya taɓa riƙe aikin maƙeran Agadas ya ga yadda suke jera baƙin itace da farin ƙarfe da ja, abin ya yi kyau ba tare da hayaniya ba. In tsohuwar ƙotar tana da 'yar garkuwar ƙarfe a jikinta, ciro ta ka wanke, ka fafe mata gurbi a sabuwar. A kanta mai zanen zobe zai iya rubuta sunan Baba. Zanen magagari a gadon sifirin, wanda wasu ke yi, ban yarda da shi a kan tsohuwar wuƙa ba, domin kowane yanka wuri ne da sifirin da asid ya riga ya ci zai iya karyewa.

Wasa kaifi shi ne aikin ƙarshe, bayan komai ya zauna, a kan dutse da ruwa ko mai, ba a inji ba. Ɗiga man keke ɗigo ɗaya a wuya, wanda ka fi ni saninsa. Sabon ƙarfe ma yana tsatsa, balle wannan, don haka in ka yanka lemo ko mangwaro da ita ka goge nan take. Kuma kada ka adana ta cikin kuben fata na tsawon lokaci, fata tana riƙe danshi. Tsumma mai ɗan maiƙo ya fi. In ka buɗe ta ka tarar ɗaya daga cikin sifirin ya tsage, dakata a nan, ka turo mini hotonsa tare da awon tsawo da kauri, domin ƙera sabo aiki ne na wuta da ke bukatar nasa bayanin.